Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnatin Jihar Kaduna: Ruwan Ƙarƙashin Zariya Yana Ja Da Baya

Assalamu alaikum warahmatullah.

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna, da kwamishinan da harkar ruwa ke ƙarƙashinsa, da 'yan majalisarmu na jiha masu wakiltar Zariya da Sabon Gari, da shugabannin ƙananan hukumomin nan guda biyu. Ranku ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri, Allah ya dafa muku a kan nauyin da ya ɗora muku.

Ni ɗan Zariya ne, nan aka haife ni nan na tashi, kuma sana'ata fiya wata. Ina da 'yar ƙaramar masana'anta, inji biyu na yanka leda da layi ɗaya na ruwan gora da muke kunnawa in an samu oda ta biki ko taro. Ba da sunan wata ƙungiya nake rubutun nan ba, amma duk abin da zan faɗa mun sha zama mun tattauna shi da 'yan'uwana masu wannan sana'a daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, Samaru, Dakace, Wusasa da cikin birni, saboda haka da bakinsu nake magana, da bakin direbobinmu da yaran mota da masu ɗaure jaka, da yaran nan da kuke gani da bokiti a ka a Kwangila da PZ da tashoshin mota, waɗanda ribar jaka biyu ko uku ita ce cefanen gidansu na ranar.

Abin da ya sa na ɗauki waya na zauna rubutu shi ne shekara da shekaru muna ganin abu yana tahowa, kowace bazara ta fi ta baya tsanani, kuma har yau ba mu ji an kira mu ko an kira masu haƙa bohol an ce ku zo mu zauna mu ga ina ruwan garin nan ya dosa ba. Abin da muke ji kawai shi ne zagi a kasuwa da a Facebook duk lokacin da kuɗin jaka ya tashi, wai masu fiya wata sun haɗa baki ba su da imani. Ban ga laifin mai zagin ba wallahi, mutumin da ya san ledar ruwa naira 5 ya ga ta koma 10, ta koma 20, ta wuce haka, dole ransa ya ɓaci. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilin nake so ku ji daga bakin wanda yake cikin abin.

Zan fara da ƙasa, don nan ne matsalar take kuma nan ne ba a gani.

Zariya a kan dutse take zaune. Duk wanda ya kalli Kufena ya ga irin abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu, kuma duk mai haƙa bohol zai gaya muku cewa in ka wuce jar ƙasa da marmara da ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, abin da za ka tarar shi ne dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sai a inda ya tsage. Ma'ana ba wani kogi ne shimfiɗe a ƙarƙashinmu ba kamar yadda mutane da yawa suke zato, ɗan abin da damina ta zuba ne ya tsatsa ya taru a ruɓaɓɓen dutsen nan da cikin tsagogi, shi muke ja duk shekara har wata damina ta zagayo. Shi ya sa za ka ga gida biyu katanga ɗaya, wannan ya haƙa ya samu ruwa wancan ya haƙa ya kashe kuɗinsa a banza. To wannan tukunyar ita rijiyar gida take sha, ita bohol ɗin masallaci da na makaranta suke sha, ita mai gidan wanka da mai wankin mota da mai buga bulo da mai sayar wa 'yan ga-ruwa suke sha, mu ma ita muke sha, kuma ba na ɓoye muku mu muna cikin masu babban moɗa.

Lokacin da na fara sana'ar nan, in muka kunna sumo, wato injin da ake zurawa cikin bohol ya turo ruwa sama, bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi tankunan sama sun cika, sai dai mu kashe. Yanzu daga an shiga watan Maris sai ka ji sumo ya fara jan iska, ya turo ruwa ya tsaya, ya turo ya tsaya, dole ka kashe ka jira rijiya ta sake tarawa in ba haka ba ya ƙone maka, kuma ni ya ƙone min, na sauke shi ƙasa na ƙara bututu, bazarar da ta biyo baya na sake saukewa har mai gyaran ya ce min Alhaji ai ka kai ƙarshen rami, nan gaba sai dai sabuwar haƙa. A watan Afrilu akwai ranakun da inji ɗaya muke kunnawa ɗayan yana rufe da buhu, yara suna zaune a inuwa suna jiran tanki, su kuwa kuɗinsu a kan yawan jakar da suka ɗaure ne, ranar da ba ruwa ba ko sisi. Motoci suna layi a ƙofa, masu shago suna kira, ni kuma ina tsaye ina kallon bakin bututu.

Kuma abin da ya fi ciwo, daidai lokacin da ruwan yake ja da baya daidai lokacin ne mutane suka fi buƙatarsa. Azumin 2024 ya faɗo daga Maris zuwa Afrilu, kowa ya tuna zafin da aka sha, a wannan Afrilun ne ma garin Kayes na ƙasar Mali ya kai maki 48.5 a ma'aunin zafi, kuma hukumar kula da yanayi ta duniya ta tabbatar cewa 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Azumin 2025 ma a Maris aka yi shi. Da la'asar in ka ga yadda ake rububin ruwa mai sanyi da ƙanƙara a Tudun Wada sai ka tausaya wa mutane.

Wasu in an ce sauyin yanayi sai su ɗauka maganar Turawa ce ta taro a otal, ko su ce ai ruwan sama bai ragu ba tunda ga ambaliya ana yi. Ni ba masani ba ne amma aikina ya koya min bambancin ruwan da ke shiga ƙasa da ruwan da ke wucewa. Zariya tana samun wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, mafi yawa a Agusta. Da, irin ruwan nan ake yi na marka, a kwana a wuni ana yayyafi, ƙasa ta sha ta ƙoshi, rijiyoyi su ciko har mace ta ɗebo da gajeren igiya. Yanzu sai damina ta yi jinkiri, ko ta fara manoma su yi shuka ta ɗauke sati biyu ko uku, sannan a zo a sheƙa na wata guda cikin dare ɗaya da iska da tsawa, ya bi kwalta ya bi kwata ya rushe katangu ya faɗa Kubanni da Galma ya tafi. A ma'auni an yi ruwa, a rijiya ba a yi ba. Ga zafi da ya ƙaru yana busar da ƙasa da madatsu da wuri. Mu kanmu kuma mun taimaka wa abin, kowane sabon gida an shafe tsakar gidansa da siminti ko intalok ba a bar ko taku ɗaya da ruwa zai shiga ba, fadamun da muka sani muna yara ana noman rake da kayan lambu an yanka su filoti, kududdufan cikin birni da suke tara ruwan unguwa an cike da yawa da shara an yi gini a kai, itatuwa sun tafi gawayi. Gari ya ninka, bohol ya ninka, ƙofar da ruwa ke bi ya koma ƙasa kuma tana ta rufewa.

Ranku ya daɗe, a nan nake da tambaya: bohol nawa ne a Zariya da Sabon Gari? Zurfin kowanne nawa, lita nawa ake ja a rana? Ni dai tunda na haƙa nawa ba wanda ya taɓa zuwa ya auna inda ruwa ya tsaya a cikinsa, a damina ko a rani. Motar haƙa tana shigowa unguwa da daddare, kafin azahar an gama an tafi, ba a rubuta komai ba. Duk wanda yake da kuɗi ya fi maƙwabcinsa zurfi, maƙwabcin in ya samu kuɗi shi ma ya zo ya fi shi, wanda ba shi da hali kuma rijiyar gidansa ta gado ta ƙafe ya koma sayen jarka a wajen 'yan ga-ruwa.

Akwai wani dattijo maƙwabcin masana'antata, sa'an mahaifina ne, wata rana bayan magariba ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, ɗana, rijiyar gidan nan tun kafin a haife ka take, ba ta taɓa ƙafewa ba sai da ka kawo injinka. Bai ɗaga murya ba, bai kai ni wajen mai unguwa ba. Na ce Baba ka yi haƙuri, na ja famfo ɗaya waje na ce duk unguwa a riƙa ɗiba safe da yamma kyauta, kuma har yau ana ɗiba. Amma maganar ba ta bar raina ba, don ban san ko injina ne ya shanye masa rijiya ko damina ce ta canza ko bohol goma da aka haƙa a layin bayan nawa ba, shi ma bai sani ba, kuma ba wani ofishi da za mu je a duba takarda a raba mana gardama. Hadisi ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Ni da nake sayar da ruwa ina jin nauyin wannan hadisin, abin da nake karɓar kuɗinsa shi ne tacewa da ƙullawa da kaiwa, ruwan kansa ba ni na halicce shi ba kuma ba nawa ne ni kaɗai ba.

Magana ta biyu ita ce famfo, kuma na san za a yi mamakin jin ta daga bakina, don kowa ya ɗauka mu masu fiya wata rashin famfo ne kasuwarmu. Gaskiya ne rashin famfo ne ya haifi sana'ar nan. Amma yau rashin famfon ne yake neman kashe ta, saboda duk gidan da famfo bai zo ba bohol zai haƙa, kuma duk bohol ɗin da aka haƙa daga tukunya ɗaya muke sha. Mutanen Zariya sun daɗe suna jiran ruwa, tun tsohuwar matata ta zamanin Turawa da wadda aka ƙara a shekarun 1970 da gari ya fi ƙarfinsu, har aka zo babban aikin ruwan Zariya, aka gina madatsar Galma a Kuzuntu ta ƙaramar hukumar Kubau, aka ƙaddamar da sabuwar matata mai lita miliyan 150 a rana a 2017, aka shimfiɗa bututu da gina manyan tankuna da rancen Bankin Musulunci da Bankin Raya Afirka. Mun ga an fasa tituna an binne bututu, mun yi murna. Lita miliyan 150 ba wasa ba ne, jakar fiya wata leda 20 ce, kowace leda rabin lita, lita 10 kenan, wato abin da matatar nan aka gina ta ta tace a rana ɗaya ya kai jaka miliyan 15, duk mu masu sana'ar nan a Zariya in muka haɗu ko kusa ba za mu je ba. Amma ku zagaya unguwanni ku tambayi mata yaushe rabon da famfo ya zo, ku ga kurar 'yan ga-ruwa nawa ke layi a bakin bohol da asuba. Ruwan matatar nan kuwa ruwan saman ƙasa ne da damina ta tara a madatsa, kowace lita da ta iso gida ta famfo lita ce da aka bar wa ƙasa ta huta.

Sai tsadar aiki, ba zan daɗe a nan ba don kowa ya san ta. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka saki naira a watan Yuni, ledar da muke ƙulla ruwa da ita da robar gora da murfi duk daga ɗanyen mai ake yin su kuma farashinsu dala yake bi, filta da kayan gyaran inji daga waje suke zuwa. A Afrilun 2024 kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, ya ninka fiye da sau uku ya koma naira 225 kowane yunit, waɗanda ba sa rukunin kuma janareta ne da man gas. A Oktoban 2024 da aka lalata manyan layukan wuta Arewa ta yi kwanaki a duhu, mun ga yadda ruwa da ƙanƙara suka zama abin nema. Abin da ba a lura da shi ba shi ne ƙarancin ruwa yana ninka duk wannan, ruwan da ya yi nisa sai an ƙara ƙarfin sumo, aikin awa uku ya koma wuni guda janareta yana ci, ranar da rijiya ta ƙi gaba ɗaya kuma sai ka sayi tanka, ruwan tanka kuwa ba ka san daga ina aka ɗebo ba sai ka ninka tacewa. Kuma ba duk ruwan da aka jawo ne yake shiga leda ba, wankin filta yana ci, wankin tankuna yana ci, injin tacewa na zamani da ake amfani da shi musamman a ruwan gora shi ma yana zubar da wani kaso.

Manyan kamfanoni irin masu Eva da Nestlé da Swan na Kerang a Filato da Faro na Yola suna da injiniyoyi da jarin da za su nemi mafita, ko da yake su ma tirela ce take kawo ruwansu nan, duk ƙarin kuɗin gas yana cikin gorar da ka saya. Amma mai facin taya da ɗan acaba da ɗalibin da ke haya a Samaru ba ruwan gora suke sha ba, leda suke sha. In ƙananan masana'antu suka rufe, su ba gora za su koma ba, rijiya da rafi za su koma.

Wanda ya kawo ni magana ta gaba, lafiya. In bazara ta hana mu ruwa, damina kuma gurɓata shi take yi. Ruwan nan mai ƙarfi da ake yi yanzu yana cika masai da sokawe, ya kwashi ƙazantar kwata ya zuba a rijiyoyi marasa murfi da bohol ɗin da ba a toshe wuyansa da siminti da kyau ba. An ga ambaliyar 2022 da ta kashe mutum fiye da 600 a ƙasar nan, an ga Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, kuma ba a manta kwalarar 2021 da ta fi yi wa Arewa ɓarna ba. A irin wannan lokacin ledar ruwa mai tsabta magani ce. To amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, duk lokacin da masu rajista suka rage aiki saboda ba ruwa ko ba wuta, sai ka ga sabbin ledoji a kasuwa masu arha, an buga lamba a jiki kamar ta NAFDAC, ba adireshi na gaskiya, ana ƙulla su a bayan gida da ruwan da ko tacewa ba a yi ba. Mu da muka bi layi muka yi rajista muke canza filta muke kunna fitilar kashe ƙwayoyin cuta ba za mu iya karya farashi kamarsu ba, kuma ranar da yaro ya kwanta da gudawa sunanmu gaba ɗaya ne yake ɓaci.

Ba zan rubuta wasiƙar nan in tsallake laifinmu ba. Ledar da ta toshe kwatocin Sabon Gari da Tudun Wada da yawanta tamu ce, mu muka ƙulla ta, kuma kwatar da ta toshe ita ce take juyo da ruwa cikin gidajen mutane a Agusta. Dabbobi suna ci suna mutuwa, gonaki na bakin gari sun cika da ita. A cikinmu akwai masu barin tanki yana ambaliya a ƙasa don ba mita a kansu, akwai wanda in ya ga zafi ya yi zafi yake ƙara kuɗi fiye da abin da ya kashe. Duk wannan akwai, kuma ba za mu iya gyara shi mu kaɗai ba don wanda ya gyara shi ne yake faɗuwa a kasuwa in ba doka ɗaya a kan kowa.

Abin da muke tsoro ya riga ya faru a wasu wurare. Birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, da duk arzikinsa, a 2018 sai da aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, jarka biyu kenan, ana ƙirga ranar da za a rufe famfo gaba ɗaya. Birnin Cennai na Indiya a 2019 madatsunsa suka bushe har da jirgin ƙasa aka riƙa kawo ruwa. A ƙauyen Plachimada na jihar Kerala kuma, mutanen gari ne suka tashi suka ce rijiyoyinsu sun ƙafe sun gurɓace saboda masana'antar Coca-Cola, suka yi ta zaman dirshan har ta daina aiki a 2004. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya min, don in babban kamfani irin wannan bai tsira ba da maƙwabta suka fusata, ina ga ni mai inji biyu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa, mu kuwa a nan Arewa Tafkin Cadi ma ya ishe mu gani.

Saboda haka ga roƙonmu, ranku ya daɗe.

Na farko kuma mafi girma, a sa ruwan famfo ya iso gidaje a kai a kai. A ba matatar ruwa wutar da ba ta yankewa, ko layi nata na musamman ko sola, a tabbatar alif da kilorin ba sa yankewa, a gyara bututun da suka fashe, a fitar da jadawali a rediyo kowace unguwa ta san ranarta ko da sau biyu ne a sati, mutum in ya san ranar zai tara ya kuma biya. Sannan muna roƙo a ja mana layi mu masu rajista a sa mana mita mu sayi ruwan matata da kuɗinmu, musamman daga Fabrairu zuwa Mayu, mu rufe bohol ɗinmu su huta. Hukuma ta samu kwastoman da zai biya duk wata, unguwa ta samu sauƙin rijiya, mu kuma mu samu ruwan da aka riga aka tace sau ɗaya.

Na biyu, a ƙirga bohol. Kowane mai motar haƙa ya yi rajista, duk ramin da ya haƙa ya kawo takarda, a ina ne, mita nawa, a ina ya samu ruwa. Bohol na kasuwanci, har da nawa, a sa masa mita, a sa ƙa'idar tazara tsakaninsa da rijiyoyin maƙwabta da masai. Amma dan Allah kar abin ya zama wata sabuwar hanyar yankar rasit kawai, don rasit kam muna da su cike da durowa, mutane daban daban suna zuwa da sunan haraji iri iri a kan mota ɗaya da masana'anta ɗaya, muna roƙo a haɗe su wuri guda mu san abin da ke kanmu a shekara. Abin da muke so a wannan rajistar shi ne ilimi. Kuma ba sai an ɗauko masana daga waje ba, ga jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da sashen ilimin duwatsu da na injiniyan ruwa, ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ta daɗe tana ajiye lissafin ruwan sama, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando nan Kaduna. A ware rijiyoyin awo a unguwanni, ɗalibai su riƙa aunawa duk wata, a riƙa faɗa wa jama'a da Hausa kamar yadda hukumar yanayi ta ƙasa NiMet take fitar da hasashen damina duk shekara. Ni na yarda a fara da tawa.

Na uku, a buɗe wa ruwa hanyar komawa ƙasa. A daina ba da izinin gini a fadamu da hanyoyin ruwa, kududdufan da suka rage a killace su a hana zuba shara maimakon a cike su, a yashe madatsun da laka ta cinye, a dasa itatuwa a gaɓar Galma da Kubanni a kuma ba wani aikin kula da su har su kama. Duk sabon gini babba, makaranta ko otal ko masana'anta, a sharɗanta masa ya tara ruwan rufinsa ya kuma bar wani fili ba siminti.

Muna kuma roƙon rance marar ruwa na sola ga ƙananan masana'antu masu rajista, mu biya a hankali, don man gas shi ne yake cinye abin da ya kamata ya zama sauƙi ga mai saye. A samar da ɗakin gwajin ruwa a nan Zariya mai sauƙin kuɗi wanda mu da masu bohol na unguwa da 'yan ga-ruwa za mu riƙa kai ruwa, a tsananta gwaji a watannin Yuli zuwa Satumba, a haɗa kai da NAFDAC a bi masu ƙulla ruwa a ɓoye. Maganar leda kuma a kafa wuraren tara ta a kasuwanni da tashoshi ana saye a kilo, 'yan gwangwan da masu narka roba suna nan a shirye in akwai kuɗi a ciki, mu kuma a yanka mana wani abu a kan kowane rol na leda mu zuba a asusun, da sharaɗin muna da wakili da zai ga inda kuɗin yake tafiya.

Kuma duk wannan a sa masarauta a ciki. Mai Martaba Sarkin Zazzau da hakimai da masu unguwanni su ne suke jin ƙarar rijiya da ta kwata tun kafin ta isa kowane ofishi, mai unguwa ya san gidan da aka haƙa bohol jiya da daddare, ya san gidan da ake ƙulla ruwa a bayan ɗaki. Limamai ma su taimaka da huɗuba a kan almubazzaranci da ruwa.

Abin da muke nema a fara da shi ƙarami ne, a kira zama a nan Zariya kafin hunturu ya fita, a gayyato mu da masu haƙa bohol da 'yan ga-ruwa da masanan jami'a da wakilan mata na unguwannin da suka fi shan wahala, don su ne suke tashi da asuba neman ruwa. Mu za mu zo da littattafanmu na ciniki da rasit ɗin gas da na leda ku duba da idonku, za mu kuma buɗe masana'antunmu ga duk wanda kuka turo ya auna.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba ku ikon yin adalci.

Wassalam.

Naku, mai ƙaramar masana'antar fiya wata a Zariya, a madadin 'yan'uwansa masu sana'ar da ma'aikatansu.